Yadda Ake Cewa "Ƙila Dole Ne" Da Turanci: Jagora Kan May Have To Da Danginsa

Akwai wata irin magana da muke yi kullum ba mu ma lura da ita. Likita ya ce wa majiyyaci, "Ƙila sai ka dawo mako mai zuwa." Direba ya ce wa fasinjoji, "Mai yiwuwa dole mu kwana a hanya." Uwa ta ce wa ɗanta, "Wataƙila sai ka nemi wani aikin." Duk jimlolin nan abu biyu suka haɗa: akwai tilas a ciki, amma tilas ɗin bai tabbata ba tukuna. Yana iya faɗowa kan mutum, yana iya wuce shi.

A Hausa haɗa biyun ba wani aiki ba ne. Ka ajiye "ƙila", ka bi ta da "dole" ko "sai", magana ta tashi. To, a nan ne Turanci yake kama mutane. Ɗalibi ya san *may* na nufin ƙila, ya san *must* na nufin dole, sai ya jera su yadda zai jera na Hausa, ya ce *I may must go.* Tunaninsa daidai ne, jimlar ce Turanci bai yarda da ita ba. Abin da ake faɗa shi ne *I may have to go.* Wanda ya gane dalilin da ya sa *must* ke kaucewa ya bar wa *have to* wuri, sauran abin da ke cikin jagorar nan zai zo masa da sauƙi.

Mataki na farko: gane dalilin da ya sa must ba ya shiga

Turanci yana da wasu mataimakan aikatau guda tara da malamai ke kira *modals*: *can, could, may, might, must, shall, should, will, would.* Halinsu ɗaya. Ba sa karɓar *-s* ko da maganar *he* ko *she* ake yi. Ba sa neman *do* wajen tambaya ko korewa. Aikatau da ke bin su kuma tsirararsa yake zuwa, ba *to*, ba *-ed*, ba *-ing*. Sai kuma halin da ya fi damun mu a nan: biyu daga cikinsu ba sa zama a jere. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. In *may* ya riga ya zauna, *must* ba shi da wurin zama.

Ga kuma wani abu. *Must* ba shi da wata siffa sai wannan ɗayar. Babu *musted*, babu *to must*, babu *musting*. Saboda haka duk inda ake son ma'anar dole a wurin da *must* ba zai iya shiga ba, sai a nemo *have to*, domin shi aikatau ne na yau da kullum, yana lanƙwasuwa yadda ake so: *has to, had to, having to, to have to.* Wannan ne ya sa ake cewa *I will have to go*, ba *I will must go* ba, kuma ake cewa *I had to go* idan abin ya riga ya wuce.

Mai yawan kallon bidiyon Amurkawa yana iya jin wani ya ce *I might could help you.* Ba kunnenka ne ya yi kuskure ba. A kudancin Amurka da wasu sassan Sikotlan akwai karin harshen da ke jera modals biyu. Amma karin gida ne, kamar yadda kowane gari ke da nasa lafazin. Kada ka kai shi ɗakin jarrabawa ko takardar neman aiki.

Mataki na biyu: gina jimlar

Tsarin ba ya canzawa: mai aikin, sai *may* ko *might*, sai *have to*, sai aikatau tsirararsa.

*I may have to travel tomorrow.* Ƙila tafiya ta kama ni gobe.
*She might have to sell the car.* Mai yiwuwa sai ta sayar da motar.
*They may have to wait until Monday.* Ƙila sai sun jira zuwa Litinin.

Duba jimla ta biyu da kyau. Mun saba cewa *she has to*, shi ya sa hannu yake saurin rubuta *she might has to.* Kuskure ne. Da zarar *may* ko *might* ya shigo, *have* ya koma yadda yake, ko wa ake magana a kansa: *he may have to, it may have to, Ladi may have to.* Haka kuma aikatau na ƙarshe ba a taɓa shi. *She may have to goes* da *she may have to went* duk ba su yi ba, *go* ne kawai. Kuma ba a saka *to* tsakanin *may* da *have*.

Turawan Ingila suna yawan cewa *I've got to go* maimakon *I have to go.* Wannan *got* ɗin ba ya biyo mu cikin wannan tsari. Bayan *may* ko *might*, *have to* ake amfani da shi, a bar *got* a waje.

Batun furuci kuwa, sa'a muka yi. Masu harshen ba sa furta *v* ɗin da ke cikin *have to*. Yana komawa *f*, kalmomin biyu su narke su zama kamar "hafta". Tunda Hausa ba ta da *v*, an rage mana aiki. Ka saba da jin "mait hafta" a matsayin abu guda, domin a magana mai sauri haka za ta zo maka, kuma in kana jiran ka ji kalma uku daban-daban za ta wuce ka ba ka sani ba.

Idan kana tsaka da magana tsarin ya ɓace maka, akwai hanyar tsira da ta yi kama da Hausa. Ka fara da *maybe* ko *perhaps*, ka bi da cikakkiyar jimla: *Maybe I'll have to go back.* Wannan daidai ne, domin *maybe* ba ya cikin taran nan, kalmar bayani ce kamar "ƙila". Sai dai a rubutu a kula: *maybe* a haɗe ita ce "ƙila", *may be* a rabe kuwa aikatau ne, kamar a *it may be necessary.*

Mataki na uku: zaɓi gwargwadon shakkar da kake ciki

Ana yawan tambaya, *may* ko *might*, wanne ya fi? Littattafan nahawu da dama suna cewa *might* ya fi nuna shakka kaɗan. Gaskiya ne, amma tazarar ba ta da yawa, kuma a hira masu harshen sukan musanya su ba tare da tunani ba. Bambancin da na ga ya fi amfani ga mai koyo shi ne na wuri: *may* ya fi zama a takarda da sanarwa da wasiƙar ofis, *might* ya fi yawa a baki.

In kana son ka nuna ƙarfin zaton da kake yi, ga yadda tsanin yake daga ƙasa zuwa sama. *We might have to pay* na nufin ba mamaki mu biya. *We may well have to pay* ya ɗan haura, abin ya fi kusa da faruwa fiye da rashin faruwa. Wannan *well* ɗin ba "da kyau" yake nufi ba, ƙara nauyi kawai yake yi. *We will probably have to pay* kusan an gama, sai dai ba a yanke ba. *We will have to pay* kuwa babu sauran shakka, biya za a yi.

*Could have to* fa? Nahawu bai hana ba, kuma akan gan shi a jaridu, irin *drivers could have to pay more.* Amma a hira ba kasafai ake jin sa ba, kuma yana saurin rikicewa da *could have* na abin da ya wuce. Shawarata ka gane shi in ka gan shi, amma kai ka tsaya kan *may* da *might*.

Mataki na huɗu: korewa, inda aka fi zamewa

A nan ya kamata a zauna a natsu, domin kuskure a wannan wuri ba na nahawu kaɗai ba ne, ma'anar ce ke juyawa baki ɗaya.

Mu fara da abin da Hausa ta bambanta sarai. "Kada ka zo" daban, "ba sai ka zo ba" daban. Na farko hani ne. Na biyu sauke nauyi ne: in ka so ka zo, in ba ka so ba ka zauna. Turanci ma ya bambanta su, amma ta hanyar da ke ruɗa mutum. *You must come* da *you have to come* kusan ma'anarsu ɗaya. Da ka kore su sai su rabu: *you must not come* shi ne "kada ka zo", *you don't have to come* shi ne "ba sai ka zo ba".

Yanzu mu ƙara shakka a kai. *Not* yana zama ne nan da nan bayan *may* ko *might*, kuma *don't* ya ɓace, tunda mun ce modals ba sa neman *do*:

*You may not have to come.* Ƙila ba sai ka zo ba.
*She might not have to pay again.* Mai yiwuwa ba sai ta sake biya ba.

Wannan albishir ne mai shakka. Ana gaya maka ne cewa nauyin da kake zaton yana kanka ba mamaki a sauke maka shi. Babu hani a ciki ko kaɗan. Amma cire *have to* ka ga abin da zai faru. *You may not come in* a bakin mai gadi ko a jikin ƙofa na nufin ba a yarda ka shiga ba. *Students may not use phones* a takardar dokokin makaranta hani ne tsagwaronsa. Ke nan kalmomi biyun nan, *have to*, su ne suka raba "an hana ka" da "ƙila ba dole ba ne". Wanda ke karanta sanarwa da sauri yana iya ganin *you may not have to submit the original* ya ɗauka an hana shi kawo ainihin takardar, alhali cewa aka yi ƙila ba a buƙatarta.

To, in kuma so kake ka ce ƙila ya zama dole mutum ya bar wani abu fa, kamar "ƙila sai ka daina shan shayi da sukari"? Kada ka wahalar da kanka da neman inda za ka cusa *not*. Ana iya cewa *you may have to not do it*, amma ba ta da daɗin ji, kuma masu harshen sukan kauce mata. Nemo aikatau da ke ɗauke da ma'anar bari a cikinsa: *stop, avoid, give up, stay away from.* Sai ka ce *You may have to stop taking sugar* ko *You might have to avoid that road.* Lura cewa *stop* da *avoid* da *give up* suna jan *-ing* idan aikatau ne ya biyo bayansu.

Taƙaitawa: *mightn't* akwai shi, Turawan Ingila sukan faɗe shi jefi-jefi. *Mayn't* kuwa ya tsufa, ba mai amfani da shi yanzu. Rubuta *may not* da *might not* a rabe, ka huta.

Mataki na biyar: tambaya

Ba a tambayar yiwuwar abu da *may*. *May I...?* neman izini ne, don haka *May I have to pay?* ba ta da kan gado. *Might I have to pay?* nahawu ya yarda da ita, sai dai ta yi tsauri, kamar mutum ya sa babbar murya a ƙaramin wuri. Abin da mutane ke faɗa a zahiri shi ne *Will I have to pay?* ko, in ana son a tausasa, *Do you think I'll have to pay?* ko *Is it possible I'll have to pay?* Shakkar takan dawo ne a cikin amsa: *You might have to*, ko a gajarce *You might.*

Mataki na shida: abin da ya riga ya wuce

A ce abokinka bai zo ɗaurin aure ba, ana tambayar dalili, kai kuma hasashe kake yi: ƙila aiki ne ya riƙe shi. Tilas ɗin a baya yake, shakkar kuwa yanzu kake cikinta. Tsarin shi ne *may have had to* ko *might have had to*:

*He may have had to work late.* Ƙila dole ta sa ya yi dare a wurin aiki.
*They might have had to turn back.* Mai yiwuwa komawa ta kama su.

*Have had* a jere yana ba mai koyo tsoro, yana ganin kamar maimaici ne. Ba haka ba ne. *Have* na farko aikinsa ya mayar da maganar baya, *had to* kuma shi ne tilas ɗin. *He may had to* kuskure ne, domin mun ce abin da ke bin *may* tsirararsa yake zuwa.

Ga wasu jimloli uku da suke kama da juna a ido, amma kowace da inda ta dosa. *She may have to leave*: ƙila tafiya ta kama ta, yanzu ko nan gaba. *She may have left*: ƙila ta riga ta tafi, babu maganar dole a ciki. *She may have had to leave*: ƙila dole ce ta sa ta tafi. Dabarar rarrabewa ita ce ka duba abin da ya biyo bayan *have*. In *to* ne, tilas ne da ke gaba. In aikatau ne a siffarsa ta uku, irin *left, gone, paid*, hasashe ne kan abin da ya faru. In *had to* ne, hasashe ne kan tilas da ya wuce.

Akwai wurare biyu da *might* ya fi *may* dacewa, har malamai da yawa sukan ce shi kaɗai ne daidai. Na farko, idan kana ba da labarin maganar da wani ya yi a baya. Likita ya ce, *"You may have to come back."* Da ka koma gida sai ka ce, *The doctor said I might have to come back.* Na biyu, idan abin bai faru ba, irin maganarmu ta "da ... da": *If the rain hadn't stopped, we might have had to cancel the match.* Da ruwan bai ɗauke ba, da ƙila sai mun soke wasan. Ruwan ya ɗauke, an yi wasa, ana dai tuna abin da ya kusa faruwa ne.

Mataki na bakwai: would have to, tilas mai sharaɗi

Wannan ɗan'uwa ne na kusa, amma ba shakka yake ɗauke da ita ba, sharaɗi ne. *If you moved to Accra, you would have to find a new school for the children.* In da za ka koma Akra, to dole ka nemo wa yara sabuwar makaranta. Neman makarantar ba a shakkarsa, komawar ce ba a tabbatar ba. Sau da yawa ma ba a faɗar sharaɗin, ana barin sa a fahimta. Ka tambayi ma'aikacin ofis wani abu ya ce *I'd have to check*, wato in kana son amsa sai na duba. Ko ka nemi ragi a shago a ce *I'd have to ask the manager.*

Shi kuwa *should have to* ka yi hattara da shi, domin ba ya cikin wannan layi. Galibi a jimlar ƙorafi yake fitowa: *No child should have to walk that far to school.* Bai kamata a ce wani yaro sai ya taka wannan nisa kafin ya kai makaranta ba. Ra'ayi ne kan abin da ya dace, ba hasashen tilas ba.

Mataki na takwas: Turancin takardu

Mafi yawan inda za ka ci karo da wannan ma'ana a rubuce ba *have to* za ka gani ba. Fom na banki, takardar neman biza, sharuɗɗan tikitin jirgi, takardar da ke cikin kwalin magani, duk suna da nasu salon:

*You may be required to provide additional documents.*
*Applicants may be asked to attend an interview.*
*Your doctor may need to change your dose.*
*Passengers may have to pay for excess baggage.*

Dukkansu abu ɗaya suke faɗa: ƙila a buƙaci ka yi kaza. *May need to* ya fi laushi, yana nuna buƙata ce ta kawo abin, ba umarnin wani ba, shi ya sa likitoci da masu gyaran na'ura suka fi son sa. *May be required to* da *may be obliged to* na hukuma ne da lauyoyi. Kada *be* ta faɗi a hanya, domin *you may required to* kuskure ne da ake yawan gani. Idan kuma abin da za a yi wa aikin ne a gaba, ba mai yin sa ba, tsarin ya zama *may have to be* tare da siffa ta uku: *The tooth may have to be removed.* Ƙila sai an cire haƙorin. Hausa a nan da "a" da "an" take aiki, Turanci da *be*.

Shawara ta zahiri ga mai karanta irin waɗannan takardu: duk inda ka ga *may be required to* ko *may be asked to*, ka shirya kamar dole ne. Hukumar ta ba kanta ikon nema ne, ta nema ko kada ta nema. Matafiyin da ya karanta cewa ana iya neman katin rigakafin cutar shawara ya ce ai "may" aka ce, ya bar katin a gida, shi zai yi bayani a filin jirgi, musamman in ƙasa irin Gana ya nufa, inda ake neman wannan shaida. Ɗaukar takardar da ba a tambaye ka ba bai rage ka da komai ba.

A yarjejeniya da doka kuwa, *shall* ne ke ɗaukar ma'anar dole, *may* kuma ikon zaɓi. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 cike yake da *shall* irin wannan. A Amurka, inda aka yi dokar sauƙaƙa rubutun hukuma a 2010, ƙa'idojin rubutun gwamnatin tarayya suna ba da shawarar a riƙa amfani da *must* maimakon *shall*, saboda yawan gardamar da *shall* ke jawowa. Ko ma wanne aka yi amfani da shi, in za ka sa hannu a takardar haya ko ta aiki, ka ja layi ƙarƙashin kowane *shall* da *must* da *may be required to*, ka tambayi kanka wa aka ɗora wa nauyin, wa kuma aka ba ikon nema.

Mataki na tara: karanta abin da ke bayan maganar

Ba kowane *may have to* ne ke nuna shakka ta gaskiya ba. Masu harshen, musamman Turawan Ingila, suna amfani da shi don sassauta magana mai ɗaci. Shugabanka a wurin aiki ya duba rahoton da ka rubuta ya ce, *You might have to redo this section.* Kada ka ɗauka an ba ka zaɓi. Sake rubutawa ake so ka yi, an dai kiyaye maka mutunci ne. Mu ma muna da irinta. Babba ya ce wa na ƙasa da shi "da dai ka sake dubawa", kowa ya san umarni ne.

Kai ma kana iya amfani da shi haka. Maimakon *I will not come*, wanda ke da kaushi, sai ka ce *I'm afraid I may have to miss the meeting.* Kana nuna ba son ranka ba ne, yanayi ne ya matsa. Haka kuma yana zama gargaɗi cikin ladabi: *If the rent is not paid by Friday, we may have to take further action.* Wanda ya samu wasiƙa mai irin wannan jimla ya san ba wasa ake yi ba. Sai dai kada a cika shi. Wasiƙar da kowace jimlarta ke da *may* da *might* tana nuna marubucin bai san abin da yake so ba. In abu dole ne kuma ka tabbata, ka ce *must* ko *have to* kai tsaye.

Mataki na goma: jarrabawa da atisaye

A takardar Turanci ta WAEC akwai tambayoyin da ake ba ka jimla, a jero maka fassarori, a ce ka zaɓi wadda ta fi dacewa. NECO da JAMB ma suna da irinsu. Modals na daga cikin abin da ake gwadawa a nan, kuma tarkon kusan kullum ɗaya ne: za a saka maka zaɓin da ya mayar da shakka tabbas, da wanda ya mayar da sauke nauyi hani. In jimlar ta ce *Musa may not have to resit the paper*, amsar da ke cewa an hana Musa sake rubutawa ba ita ba ce, haka ma wadda ke cewa tabbas ba zai sake ba. Nemi mai cewa yana yiwuwa sake rubutawar ba ta zama dole ba.

Masu shirin IELTS kuwa, wato jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa, a rubutu na biyu, wanda ake so ya kai kalma 250 aƙalla cikin kimanin minti 40, wannan tsari yana taimakawa wajen faɗar ra'ayi ba tare da wuce gona da iri ba. *Governments may have to invest more in rural schools* ta fi nuna natsuwa fiye da a yi ta jera *must* daga farko har ƙarshe.

Hanyar atisaye da ta fi kama jiki ita ce ka ɗauki al'amuran makonka. Kowace safiya ka rubuta abu uku da ƙila su kama ka, da abu ɗaya da ƙila a sauke maka, ka faɗe su da baki. Bayan haka gwada juya waɗannan zuwa Turanci kafin ka duba amsa:

1. Ƙila sai mun sayi sabon janareta.
2. Mai yiwuwa ba sai Hadiza ta je Abuja ba.
3. Ƙila dole ce ta sa suka rufe shagon da wuri jiya.
4. Malam ya ce ƙila sai mun sake rubuta jarrabawar.
5. Ƙila sai an canza tayar.
6. In da za ka karɓi aikin, dole ka tashi da asuba kullum.

Amsoshi: ta farko, *We may have to buy a new generator.* Ta biyu, *Hadiza might not have to go to Abuja*, kuma in ka rubuta *has* koma mataki na biyu. Ta uku, *They may have had to close the shop early yesterday.* Ta huɗu, *The teacher said we might have to write the exam again.* Ta biyar, *The tyre may have to be changed.* Ta shida ba ta neman *may* ko *might* sam, domin sharaɗi ne: *If you took the job, you would have to get up at dawn every day.* A ta farko da ta biyu da ta uku da ta biyar, ko *may* ka saka ko *might*, duk ka ci.